NAZARI: Wa ke da alhakin titin Ƙofar Mata idan an tashi daga ƙwallo?

Da misalin ƙarfe shida saura na yamma, a ranar da Kano Pillars ta karɓi baƙuncin wata ƙungiya a filin wasa na Sani Abacha, alƙalin wasa kan busa tashi, sai jama'ar da suka shafe awa biyu ko uku suna shigowa da ɗai-ɗai da bibbiyu su miƙe lokaci guda su nufi ƙofa. A waje kuma akwai masu jiran su: babura jere a gefen titi, motocin da aka ajiye duk inda aka samu sarari, 'yan A Daidaita Sahu da suka yi cirko-cirko a bakin hanya suna kiran fasinja, masu rake da masu ruwan leda, da jiniyar wani babba da ke son ficewa kafin kowa. Magariba ta gabato, 'yan kasuwa na rufe shaguna, kowa na sauri.

Ƙofar Mata ba bayan gari ba ce. Tazara kaɗan daga filin akwai Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, inda ake garzayawa da wanda ya yi hatsari da mai naƙuda daga kowane sashe na birnin. Ga filin Idi, ga karofin da ya shahara, ga Kantin Kwari da kasuwar Rimi da ta Ƙofar Wambai duk a kusa. Titunan da 'yan kallo za su bi su koma gida, su ne dai titunan da motar asibiti za ta bi.

Idan aka yi rikici a cikin filin, an san wanda za a kama da laifi. Dokokin gasar Firimiyar Najeriya sun ɗora tsaron wasa a kan ƙungiyar da ke gida, kuma Pillars ta ɗanɗana hukuncin ba sau ɗaya ba. Amma da zarar ɗan kallo ya taka ƙafarsa wajen katanga, sai ya shiga wani yanki da hukumomi da yawa ke da hannu a cikinsa, babu kuma guda ɗaya da za a riƙe idan abu ya ɓaci. KAROTA na da titi, 'yan sanda na da tsaro, hukumar wasanni na da fili, ƙungiya na da tikiti, hukumar kiyaye haɗurra na da nata hurumin. Tarihin turmutsutsun da aka yi a filayen wasa, a Najeriya da wajenta, ya nuna cewa a wannan yankin da ba shi da uba ake yawan rasa rayuka, ko kuma a nan ake shuka abin da zai kai ga rasa su.

Lissafin da ba a cika yi ba

An fi bayyana cewa filin Sani Abacha na ɗaukar mutum 16,000. Ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, don haka ba baƙon manyan taruka ba ne. Bari a ɗauki wannan adadi a yi lissafin misali da shi, ba don an ƙirga yadda 'yan kallo ke zuwa ba, sai don a ga girman abin da ake magana a kai.

Masu tsara birane kan ware wa mota ɗaya kimanin murabba'in mita 25 idan an haɗa da hanyar shiga da fita. A ce kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan kallo, wato mutum 4,000, sun zo a mota, uku-uku a kowace. Motoci sama da 1,300 ke nan, kuma suna bukatar fili da ya kusa girman filin ƙwallo biyar. Babu wannan sarari a Ƙofar Mata, kuma ba za a same shi ba sai an rushe unguwa. A ce wasu 4,000 sun zo a kan babura, goyo biyu-biyu. Babura 2,000 ba za su cika ko filin ƙwallo ɗaya ba. Mutanen adadinsu ɗaya ne, amma masu mota na cin ƙasa ninki shida ko fiye.

Sai kuma A Daidaita Sahu, wadda ta zama ƙashin bayan sufurin Kano tun bayan da gwamnati ta hana acaɓa a watan Janairun 2013. Idan mutum 6,000 ne za su koma gida a cikinta, huɗu-huɗu, ana bukatar sawu 1,500. A jera su baki da hanci, layin zai kai kusan kilomita huɗu. Motar bas mai ɗaukar mutum 50 kuwa, sawu 120 ya ishe ta kwashe wannan jama'a: bas 30, kowace ta yi zuwa huɗu.

Abin da lissafin ke faɗa a fili yake. Duk shirin da ya fara da tambayar inda za a ajiye motoci ya fara ne daga wutsiya. Mai mota shi ne mafi ƙarancin adadi, shi ne kuma mafi cin wuri. An daɗe ana maganar ginin ajiye motoci mai hawa-hawa a Shahuci, kuma 'yan kasuwar yankin na da bukatarsa a ranakun aiki. Amma ko da irin wannan gini zai haɗiye mota dubu, duk za su fito ne ta baki ɗaya ko biyu, su sauko kan titin da dubban masu tafiya a ƙasa suka riga suka cika.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan muhimmanci. A Birtaniya akwai kundin ka'idojin tsaron filayen wasa da ake kira Green Guide, wanda aka fara wallafawa a 1973, bayan mutum 66 sun mutu a matakalar filin Ibrox da ke Glasgow a 1971. Kundin ya ƙiyasta cewa a shimfiɗaɗɗen wuri, mutum 82 ne ke iya wucewa ta faɗin mita ɗaya a cikin minti ɗaya, a matakala kuma 66. Ya kuma ce ƙofar shiga mai juyawa guda ɗaya ba a lissafa mata fiye da mutum 660 a awa. Idan aka ɗora wannan a kan mutum 16,000, hanya mai faɗin mita shida za ta fitar da su cikin kusan rabin awa. Idan motoci da babura da teburan masu sana'a suka cinye rabin faɗin, lokacin zai haura awa guda. Su kuwa na baya ba su san abin da ya tsayar da na gaba ba, turowa kawai suke yi. Da zarar mutane sun haura biyar a murabba'in mita ɗaya, mutum ya daina mallakar ƙafafunsa, taron ne ke tafiya da shi.

Ta haka mota ɗaya da aka ajiye a gurbin da bai dace ba ke zama maganar rai da mutuwa. A bugun kundin na shida, wanda ya fito a 2018, an ƙara babi a kan yankin da ke wajen katanga, tun daga tashar mota ko ta jirgi har zuwa ƙofar fili, aka ce dole masu fili su zauna da hukumomin gari a fayyace wanda ke kula da kowane taƙi nasa, a rubuce, kafin ranar wasa.

Yawunde da Faris

Ranar 24 ga Janairun 2022, Kamaru ta kara da Komoros a zagaye na biyu na gasar cin kofin Afirka a sabon filin Olembe da ke gefen birnin Yawunde. Filin na ɗaukar mutum 60,000, kuma saboda korona an taƙaita shi zuwa kashi 80 cikin ɗari. Ma'ana akwai kujeru a ciki. Duk da haka mutum takwas suka mutu a ƙofar kudu, wasu 38 suka jikkata. Shugaban CAF, Patrice Motsepe, ya ce an rufe ƙofar da ya kamata a ce a buɗe take. Rahoton gwamnatin Kamaru kuma ya yi nuni da tururuwar jama'a masu yawa da suka iso a makare, da kuma buɗe wata ƙofa da jami'an tsaro suka yi ba tare da lissafi ba. Isowa a makare, a dunƙule, ta ɓangare guda, ba halin 'yan kallo ba ne kawai. Sakamakon yadda hanya ta kawo su ne.

Wata huɗu bayan haka sai ga irinsa a ƙasar da ba wanda zai ce ba ta da kuɗi ko ƙwarewa. Ranar 28 ga Mayun 2022 aka buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid a Stade de France. Ma'aikatan ɗaya daga cikin layukan jirgin ƙasa biyu da ke kai mutane filin, wato RER B, suna yajin aiki a ranar. Sai dubban magoya bayan Liverpool suka koma layin RER D. Ba wanda ya sauya tsarin tarbar su. Suka fito daga tasha suka bi hanyar da ta kai su wani matsattsen wuri a ƙarƙashin gada, inda motocin 'yan sanda da aka ajiye suka ƙara rage faɗin hanyar, ga kuma shingen duba tikiti da ba a shirya shi don wannan adadi ba. Aka jinkirta wasa da fiye da rabin awa, aka harba wa mata da yara barkonon tsohuwa. Ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, ya ɗora laifin a kan tikitin bogi. Majalisar Dattawan Faransa ta yi watsi da ɗora wa magoya baya laifi, kwamitin bincike mai zaman kansa kuma ya ce a watan Fabrairun 2023 cewa UEFA ce ke da babban alhaki, kuma saura ƙiris a yi asarar rayuka masu yawa.

Abin lura a labarin Faris shi ne asalin matsalar: bayani ne bai isa inda ya kamata ba. Masu jirgi sun san jama'a sun sauya layi, amma labarin bai zama mataki a bakin fili ba. Idan haka ta faru a inda kowace hukuma ke da ɗakin sa ido da na'urori, mai karatu na iya ƙiyasta abin da ke faruwa a inda jami'in KAROTA da ɗan sandan da ke tsaye kusa da shi ba su da ko lambar wayar juna.

Abuja: fili mai tashar jirgi, jirgin da ya tsaya daga 2020 zuwa 2024

Wasu na ganin maganin shi ne a fitar da filin wasa daga tsakiyar Kano a kai shi inda ƙasa ke da yalwa. Kafin a amince da wannan, ya kamata a dubi Abuja. Filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka buɗe a 2003 don wasannin Afirka, na ɗaukar mutum sama da 60,000, yana da harabar da Ƙofar Mata ba za ta taɓa mafarkin samu ba, yana kuma bakin babban titin zuwa filin jirgin sama. Har tashar jirgin ƙasa ta cikin gari aka gina mai ɗauke da sunansa. An ƙaddamar da jirgin a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo aiki ba sai a watan Mayun 2024.

A tsakanin wannan lokaci ne, ranar 29 ga Maris 2022, Najeriya ta karɓi Ghana a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya. Gwamnatin Tarayya ta sallami ma'aikata da ƙarfe ɗaya na rana don su je kallo, aka kuma raba dubban tikiti kyauta. An yi duk abin da zai tara jama'a. Tun kafin a take leda mutane suka rinjayi masu gadin ƙofa suka kutsa. Aka tashi 1-1, Najeriya ta rasa gurbin, 'yan kallo suka afka cikin fili suna farfasa kaya. Wani likita ɗan Zambiya da ke aikin gwajin 'yan wasa, Dakta Joseph Kabungo, ya rasu a daren. FIFA ta ci tarar Najeriya kuɗin Suwizalan 150,000, ta kuma hana 'yan kallo shiga wasa ɗaya.

A wannan fili ne dai, ranar 15 ga Maris 2014, aka tara dubban matasa masu neman aikin hukumar shige da fice, bayan kowanne ya biya Naira 1,000, ana neman cike guraben da ba su kai 5,000 ba a faɗin ƙasar. Aƙalla mutum bakwai suka mutu a Abuja kaɗai wajen rububin shiga. Faɗin haraba bai cece su ba.

Kasancewar filin Sani Abacha a cikin gari, wanda ake yi wa kallon aibi, shi ne babban jarinsa. Matashi daga Yakasai, Fagge, Zango ko Ƙofar Nassarawa na iya takowa da ƙafa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ɗan kallo ke lissafawa kafin kuɗin tikiti, kuma filin da aka kai bayan gari ba tare da motocin haya masu araha ba zai zama na masu mota kaɗai, ko kuma ya zama kufai.

Misalin da ya fi kama da Ƙofar Mata shi ne wanda matasan Kano da dama ke kallo a talabijin duk mako. Filin Emirates na Arsenal, mai ɗaukar mutum kusan 60,000, yana tsakiyar unguwa ce mai cunkoso a arewacin Landan, kuma kusan babu wurin ajiye motar ɗan kallo a cikinsa. A ranar wasa ana rufe titunan da ke kewaye, mazauna unguwa kaɗai ke da izinin ajiye mota a layukansu. Tashar jirgin Holloway Road, duk da kusancinta da filin, ana taƙaita amfani da ita ko a rufe ta a lokutan wasa, domin ba za ta iya ɗaukar taron ba. Da gangan ake sa mutane su yi tafiyar ƙafa zuwa tashoshin da ke nesa kaɗan, saboda tafiyar kan warwatsa taro, ta mayar da dunƙule ya zama zare. Kano ba ta da jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma dabarar ba ta jirgi ba ce. Dabarar ita ce a nisanta abin hawa daga ƙofa.

Ƙofar manya

Akwai wani ɓangare da ba a son taɓawa. A tarukan Najeriya, tsarin ababen hawa guda ɗaya da ake yi da gaske shi ne na manyan baƙi. Ana ware musu ƙofa mafi faɗi, a ba ayarin motocinsu wuri mafi kusa, a kuma tsayar da kowa har sai sun fita. Ranar 12 ga Fabrairun 2011 mutum 11 suka mutu a ƙofar filin Liberation da ke Fatakwal a taron yaƙin neman zaɓen Goodluck Jonathan. Shekara takwas cif bayan haka, ranar 12 ga Fabrairun 2019, a wannan birni dai, aƙalla mutum 14 suka mutu a filin Adokiye Amiesimaka bayan taron Muhammadu Buhari. Jam'iyyun daban, filayen daban, amma duka biyun a wajen fita abin ya faru, bayan mai gayya ya gama jawabi.

Filin Sani Abacha ma ba na ƙwallo kaɗai ba ne. A cikinsa aka rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayun 2023, a cikinsa ake manyan gangamin siyasa da tarukan addini. A irin waɗannan ranaku adadin kujeru ba ya nufin komai, domin babu tikiti, har tsakiyar fili ake cikawa, ana kuma kwaso magoya baya a motocin bas da manyan motoci daga ƙananan hukumomi 44. Mai shirya gangami yakan biya kuɗin kawo mutane. Inda motar za ta tsaya, da inda wanda aka kawo zai same ta idan an watse, ba ya cikin kasafinsa, domin hoton cikar fili ya riga ya shiga Facebook. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗora wa 'yan sanda samar da tsaro a gangamin siyasa, amma tsaro a fahimtar da aka saba da ita shi ne kare dandamali da hana faɗa, ba lissafin faɗin ƙofa ba. Zaɓen 2027 zai sake cika wannan fili sau da dama.

Ko a harkar ƙwallon, inda mota ta tsaya ya taɓa jawo wa Kano asara. A watan Afrilun 2022, lokacin da Pillars ta dawo gida bayan doguwar zaman haya a Kaduna, wasanta da Katsina United ya watse cikin rikici, aka farfasa motar baƙin. Aka ci tarar ƙungiyar Naira miliyan 9, aka zaftare mata maki, aka mayar da wasanninta Abuja, a ƙarshen kakar kuma ta faɗa ƙaramar gasa. Ba wanda zai wanke waɗanda suka yi ɓarnar. Sai dai a duk inda aka san aiki, motar baƙi da ta alƙalan wasa na tsayawa ne a killataccen wuri da hannun ɗan kallo ba ya kaiwa, da hanyar fita tata ta daban. A watan Oktoban 2025, bayan wasa da Shooting Stars, aka sake hukunta ƙungiyar, aka kuma tura ta Katsina. Kowane karo hukuncin na sauka a kan ƙungiya, a yi ta muhawara a rediyo mako guda, tsarin wajen katanga kuma ya zauna yadda yake.

Hausawan Ghana ba su manta da ranar 9 ga Mayun 2001 ba, lokacin da aka harba barkonon tsohuwa a filin wasa na Accra a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, mutum 126 suka mutu, da yawansu matasan unguwar Nima.

Abin da ba ya bukatar kwangila

Gwamnatocin Kano, ɗaya bayan ɗaya, sun nuna ƙauna ga gadojin sama: Ƙofar Nassarawa, Sabon Gari, Dangi, Hotoro, ga na Ɗan Agundi da Tal'udu. Gada na da amfaninta, amma an yi ta ne don mota ta wuce, ba don mutum 16,000 su watse lafiya ba. Abin da Ƙofar Mata ke bukata a ranar taro ya fi gada araha nesa ba kusa ba, wataƙila ma shi ya sa ba ya jan hankali.

Na farko shi ne mutum ɗaya mai suna da muƙami, wanda duk jami'in da ke titi a ranar, ko na KAROTA ne ko ɗan sanda ko na sibil difens, zai karɓi umarni daga gare shi, kuma shi za a tambaya idan an samu matsala. A hannunsa kuma a samu takarda: taswirar da ta nuna titin da za a rufe da lokacin rufewa, inda babura za su tsaya, inda motoci za su tsaya can nesa, wurare uku ko huɗu da A Daidaita Sahu za ta yi lodi gwargwadon shiyyar da fasinja ya nufa, don mai zuwa Hotoro kada ya cakuɗe da mai zuwa Kabuga ko Kurna. A sanar da wannan a gidajen rediyo kwana biyu kafin wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma bar hannu ɗaya na titin zuwa Asibitin Murtala a buɗe tun daga farko har ƙarshe, ba mai tsayawa a kansa ko da kuwa kwamishina ne. Manyan baƙi su zaɓa: ko su fita minti goma kafin tashi, ko su zauna sai jama'a sun ragu.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a Kano. Birnin da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana hawan Sallah ya san yadda ake fitar da hanya a sanar da ita, a tsayar da ababen hawa, kowa ya san inda zai tsaya. Alhazan jihar kuma sun ga yadda ake raba wa tawagogi lokutan jifa a Mina.

Akwai masu asara a irin wannan tsari, kuma bai kamata a ɓoye ba. Rufe titi na awa uku na taɓa cinikin mai shago. Matasan da ke tsaron babura a gefen hanya suna karɓar na goro, ba rasit ba tabbacin biyan diyya idan babur ya ɓace, za su ga an taɓa musu abinci, alhali su ne suka fi kowa sanin lungunan wurin. Hikima ita ce a yi musu rajista, a ba su riga da tikiti mai lamba, a sa farashi ɗaya, a san inda kuɗin ke shiga. 'Yan A Daidaita Sahu kuma na da dalilin yin ɗari-ɗari da duk abin da KAROTA ta kawo, domin tun kafa ta a 2012 alaƙarsu ta fi yawa a kan tara da kuɗin rajista. Yajin aikin da suka yi a watan Janairun 2022 ya nuna wa kowa cewa idan suka ajiye makulli, Kano tafiyar ƙasa take yi. Tsarin da aka rubuta a ofis ba tare da shugabanninsu ba zai mutu a ranar farko. Haka nan, tura mutane tafiyar ƙafa ta rabin kilomita bayan magariba, a garin da ƙwacen waya da faɗan daba suka addaba, na bukatar fitilu masu aiki da jami'ai a kan hanyar, in ba haka ba an rage cunkoso ne an miƙa mutane ga ɓarayi.

Sai maganar wanda zai biya. A Jamus tikitin wasa kan zama tikitin bas da jirgi na ranar, haka aka yi a gasar Olamfik ta Landan a 2012 da kofin duniya na Katar a 2022. A Kano ana iya farawa da ƙaramin abu: wani kaso na kuɗin ƙofa ya tafi ga shinge, fitila da alawus ɗin masu kula da hanya. Jam'iyyar da ke iya hayar ɗaruruwan motoci don cika fili kuwa ba ta da hujjar cewa ba ta da kuɗin sallamar jama'a lafiya. Bayan turmutsutsun rabon kayan abinci da aka yi a Ibadan, Okija da Abuja a watan Disambar 2024, Jihar Legas ta wajabta wa duk mai shirya taron da ya haura mutum 250 ya nemi sahalewar hukumomin kiyaye lafiyar jama'a. Majalisar Dokokin Kano na iya yin doka makamanciyar wannan, ta sa rubutaccen tsarin zirga-zirga ya zama sharaɗin ba da hayar filin ga kowa, har da jam'iyyar da ke mulki.

Kafin a kai ga doka, akwai abin da kowane ɗan jiha zai iya yi. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta shafi gwamnatocin jihohi, ba ta Tarayya kaɗai ba. Ƙungiyar magoya baya, ko ta ɗalibai, ko mazauna Ƙofar Mata, na iya rubuta wa hukumar wasanni da KAROTA wasiƙa mai layi uku, su nemi kwafin tsarin zirga-zirgar babban taro na ƙarshe da aka yi a filin, da sunan jami'in da ya sa masa hannu, da adadin ƙofofin da aka buɗe lokacin fita. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.